Kafin 31 ga Maris: Yadda Mai Sana'a a Kebbi Zai Haɗa Lissafin Harajinsa Tun da Wuri

Wani dattijo mai fataucin shinkafa tsakanin Argungu da Jega ya taɓa zuwa wurina da baƙar leda, saura kwana tara watan Maris ya ƙare. Yana neman kwangilar kai abinci wata makaranta, an ce sai ya kawo takardar shaidar biyan haraji. Ya zazzage ledar a kan tabarma: rasit ɗin da rubutunsu ya koɗe, lissafi a bayan kwalin sabulu, da takardun banki kusan shafi arba'in. Na ɗora yatsa a kan wani layi na ce, "Baba, wannan miliyan biyun da ta shigo a watan Yuli, ta mece ce?" Ya jima yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ɗana, wagga kam ban tuna ba. Ina zaton ta ƙanena ce da ya ce in saya mashi taki."

Wannan zaton ne ke jawo wa mutane asara. Doka ba ta ce a ɗora haraji a kan duk kuɗin da ya ratsa ta hannunka ba, a kan riba ake ɗorawa. Amma ribar da za ka iya nunawa a rubuce. Abin da ka kasa yi wa bayani, jami'in haraji yana da ikon ya ƙiyasta da kansa, kuma ƙiyasin wanda bai san wahalar kasuwarka ba ba kasafai yake yi maka daɗi ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa mu nan bai kamata mu jira Maris ba, watan da wa'adin miƙa bayanin haraji ke cika. A 2027, in Allah ya kai mu, azumi zai kama ne a farkon Fabrairu, ƙaramar salla ta faɗo wajen 10 ga Maris. Wane tela ne a Birnin Kebbi zai ajiye ɗinkin salla ya zauna tattara rasit? Wane mai shago ne zai rufe a goman ƙarshe? Salla na wucewa saura mako uku, ga zafin bazara, ga aljihu ya huce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: san wanda za ka miƙa wa bayanin harajinka

In kai kaɗai kake sana'arka, ko kana da sunan kasuwanci da ka yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, amma ba kamfani ba ne mai "Limited", to a idon doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne. Harajinka na kuɗin shigar mutum ne, kuma hukumar tara haraji ta jihar da kake zaune ce ke karɓa. Mai zanen kwamfuta da ke zaune a Birnin Kebbi yana yi wa mutanen Legas ko na Ingila aiki ta intanet, Kebbi zai biya. Wa'adinsa 31 ga Maris na kowace shekara, a kan abin da ya samu a shekarar da ta gabata.

Kamfani mai "Limited" kuwa na hukumar haraji ta tarayya ne, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS, kuma yana da wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa. An ɗauke wa ƙananan kamfanoni harajin kamfani, amma ba a ɗauke musu miƙa bayani ba. Sauran wannan jagora a kan kashi na farko take, domin su ne mafi yawa.

Tun da aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu ranar 26 ga Yuni 2025, suka fara aiki 1 ga Janairu 2026, an ɗaure lambar harajin mutum da lambarsa ta NIN. Ka je ofishin haraji mafi kusa da kai da katin NIN, ka tabbatar an buɗe maka fayil, kuma sunan da ke jikinsa ya yi daidai da na asusun bankinka. Muhammad a nan, Mohammed a can, kan iya cin mako guda na zirga-zirga.

Mataki na biyu: raba aljihu biyu

Wannan ne matakin da ya fi kowane sauƙi, kuma shi aka fi ƙi. Buɗe asusu na biyu, na kasuwanci zalla. Duk cinikin da aka yi ya shiga can, duk sarin kaya ya fita daga can. Kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki, zubin adashi, waɗannan su bi ta asusunka na gida. In kana buƙatar kuɗin gida, ka tura wa kanka daga asusun kasuwa, ka rubuta "na gida" a wurin bayanin tiransifa.

Wurin bayanin nan da kowa ke tsallakewa ya fi ƙarfin raini. Kalma biyu, "sarin taki", "bashin Alhaji", "amanar ƙanena", su ne za su amsa maka tambaya bayan wata tara. Kyauta ba kuɗin shiga ba ce. Rancen da ka karɓa ba riba ba ne. Kuɗin da ɗan'uwanka na Saudiyya ya turo a kai wa Inna ba naka ba ne. Duk ba a biya musu haraji, amma in sun cakuɗe da ciniki a asusu ɗaya, kai ne za ka yi wahalar tsince su.

Masu POS da dillalai su fi kowa kula. Mai POS a bakin kasuwar Jega miliyoyi kan ratsa ta na'urarsa a wata, alhali abin da yake nasa shi ne cajin da yake karɓa. Dillalin shanu ko na albasa la'adarsa ce samunsa, ba kuɗin kayan mutane ba. In babu littafin da ya raba jari da caji, takardar banki kaɗai za ta nuna shi a matsayin attajirin da bai taɓa zama ba.

Mataki na uku: littafi, da abin da ake rubutawa a ciki

Ba sai ka sayi manhaja ba. Littafi mai kauri na 'yan makaranta ya isa, ka ja layi biyar: kwanan wata, abin da ya faru, shiga, fita, da hanyar biya, wato hannu ko banki. Wanda ya iya Excel ko Google Sheets ya yi a can. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin rubutawa. Kullum bayan isha'i, ko in ya gagara, kowace Juma'a da yamma. Abin da ya wuce mako ba a rubuta ba, rabinsa ya tafi.

A ɓangaren shiga, komai za ka rubuta, har da cinikin hannu da ba ya bi ta banki. Wanda ake biya da dala ko fam ta intanet, ya rubuta adadin kuɗin wajen, da kwanan watan, da abin da ya zama a naira bisa farashin hukuma. Mazaunin Najeriya ana lissafa masa abin da ya samu ko daga ina ya fito. Haka masu karɓar sefa a wajen Kamba.

Ɓangaren fita ne ke rage maka haraji, saboda haka a nan za mu daɗe. Ƙa'idar ita ce: duk abin da ka kashe domin neman wannan kuɗin kawai, ana cire shi kafin a lissafa riba. Hayar shago. Man janareto da gyaransa. Kuɗin wuta. Data da katin waya na aiki. Albashin yaran shago. Kuɗin mota da na 'yan dako daga Argungu zuwa sito. Buhuna, zare, tawada, takarda. Cajin banki, har da naira 50 da ake cira a tiransifar naira 10,000 zuwa sama. Kuɗin rumfa da na lasisin shago da ƙaramar hukuma ke karɓa, muddin an ba ka rasit.

Abin da kake amfani da shi gida da kasuwa, sai ka raba da adalci. Babur ɗin da kake kai kaya da shi kuma kake kai yara makaranta, ba za ka ɗora wa kasuwa duk mansa ba. Ka tsayar da kaso, misali biyu bisa uku, ka riƙe shi duk shekara. Kayan aiki masu daɗewa, irin su keken ɗinki, injin casa, kyamara, kwamfuta ko sola, ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekarar da aka saya. Ana raba shi a kan shekaru. Ka ware musu shafi guda: ranar saye, farashi, da inda rasit yake.

Na san abin da mai karatu zai ce: wa ke ba da rasit a kasuwar ƙauye? Manomin da ya sayar maka da buhu talatin na shanshera ba shi da takarda mai hatimi. To kai ka zama mai rubutawa. Sayi ƙaramin littafin rasit mai kwafi, ka rubuta ranar, sunan kasuwa, sunan mai kaya, yawan buhu da farashi, ya sa hannu ko ya dangwala. In ka biya ta tiransifa, ka haɗa biyun. Rasit ɗin da ke fitowa daga na'ura kuwa, irin na gidan mai da na POS, rubutunsa ba ya jure zafin Kebbi, wata biyu ya zama farar takarda. Ka ɗauki hotonsa a ranar, ka tura wa kanka a WhatsApp ko ka adana a Google Drive, wata-wata.

Ga wani abu da sabuwar doka ta zo da shi wanda ya shafi masu sari a bakin iyaka: kayan da aka shigo da su ba a biya musu kuɗin kwastan ba, ko wanda ya kamata a caji VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya, a kansa ba a caja ba, hukuma na iya ƙin cire kuɗinsa daga ribarka. Arhar da ka samu a sari tana iya dawowa ta wannan ƙofa.

Mataki na huɗu: bi sawun abin da aka riga aka cire maka

In ka taɓa yi wa ma'aikata, kamfani ko ƙungiya aiki, ka ga kuɗin da ya shigo bai cika ba, wataƙila harajin da ake cirewa tun daga tushe ne, wanda 'yan ofis ke kira WHT. A ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, kashi 5 cikin ɗari ne a kan ayyukan ƙwararru da na ba da shawara, kashi 2 a kan kawo kaya, kuma ana ninka shi ga wanda ba shi da lambar haraji. Wannan kuɗi bai ɓata ba. Kafin-alƙalami ne na harajinka, za a rage shi daga abin da za ka biya a ƙarshe, amma sai ka nuna takardar shaidar cewa an zuba shi da sunanka.

A nan ni kaina na taɓa ƙonewa. Na yi wa wata ƙungiya aikin wata uku, suka cire nasu, na yi shiru ina ganin magana ta ƙare. Da Maris ya zo na nemi takardar, sai aka ce akantan da ya yi aikin ya bar wurin, kuma kuɗin wata jiha daban aka tura, can inda babban ofishinsu yake. Na yi ta waya har na gaji, a ƙarshe na sake biya. Tun daga nan, kafin in fara aiki nake rubuta lambar harajina da sunan jihata a jikin takardar neman biya, kuma wata ɗaya bayan an biya ni nake fara tambayar shaidar.

Mataki na biyar: gwada lissafin tun kafin shekara ta ƙare

Ga matakan harajin mutum a kan abin da aka samu daga 1 ga Janairu 2026, wanda za a miƙa bayaninsa kafin 31 ga Maris 2027:

Naira 800,000 na farko: babu haraji.
Naira miliyan 2.2 da ke biye: kashi 15.
Naira miliyan 9 da ke biye: kashi 18.
Naira miliyan 13 da ke biye: kashi 21.
Naira miliyan 25 da ke biye: kashi 23.
Abin da ya haura miliyan 50: kashi 25.

Mutane da yawa suna tsoron wai in ribarsu ta tsallaka wani mataki, duk kuɗin za a caja da sabon kaso. Ba haka ba ne. Kowane yanki da nasa kason, kamar hawan bene.

Kafin a hau matakan, akwai ragi. An soke tsohon rangwamen bai-ɗaya da kowa ke samu, aka kawo na hayar gida: kashi 20 cikin ɗari na hayar da ka biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Wanda ke zaune a gidansa ko gidan gado ba shi da wannan. Mai haya kuwa ya nemi rasit daga mai gida, ko da kawunsa ne. Ana kuma cire zubin fansho, inshorar lafiya, asusun gidaje na ƙasa da inshorar rai, ga wanda yake biya.

Mu ɗauki misali. A ce mai ɗaukar hoto da buga katin biki a Birnin Kebbi ya yi cinikin naira miliyan 6 a shekara. Littafinsa ya nuna ya kashe miliyan 2.1 a hayar shago, mai, takarda, tawada, data da albashin yaro ɗaya. Ribarsa miliyan 3.9. Yana biyan hayar gida 400,000, saboda haka an rage masa 80,000, saura 3,820,000. Dubu 800 na farko sun fita kyauta. Miliyan 2.2 a kashi 15 ya ba da 330,000. Ragowar 820,000 a kashi 18 ya ba da 147,600. Jimla 477,600. A cikin shekarar ya yi wa ƙungiyoyi aikin miliyan 1.6, sun cire masa 80,000, kuma yana da takardun. Abin da zai biya 397,600.

Yanzu a ce mutumin nan ba shi da littafi, ba rasit, ba takardar WHT, aka ɗauki miliyan 6 ɗin nan duka a matsayin samunsa. Harajin zai kai 870,000. Bambancin ya haura dubu 390 tun kafin a yi maganar dubu 80 da aka riga aka cire masa. Kuɗin kyamara mai kyau ke nan, an bar shi a kwandon shara tare da rasit.

Ka yi irin wannan lissafi a ƙarshen Satumba da abin da ka samu zuwa lokacin, ka sake a Disamba. Sannan ka fara tara kuɗin. Ga mai sana'a irin na misalin nan, ware naira 10 daga kowace 100 da ta shigo ya wadatar har da rara. Ga mai saye da sayarwa, wanda ribarsa siririya ce a kan babban jari, daga ribar wata zai ware, ba daga ciniki ba. Ka sa kuɗin inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba, domin salla za ta riga 31 ga Maris zuwa.

Mataki na shida: ƙirgar ƙarshen shekara

Mai sayar da kaya ba zai san ribarsa ba sai ya ƙirga abin da ya rage. Ranar 31 ga Disamba, ko washegari da safe kafin a buɗe, ka shiga sito ka ƙirga komai a kan farashin da ka saro. Lissafin shi ne: kayan da ka fara shekara da su, a haɗa da duk sarin shekara, a cire abin da ya rage. Abin da ya fito shi ne jarin kayan da ka sayar, shi za a cire daga ciniki.

Mai ajiyar albasa a Aliero ya san buhun da ya shiga rudu ba shi ke fitowa ba. Wasu sun ruɓe, wasu sun tsiro, nauyi ya ragu. Asara ce ta gaskiya, amma a rubuta ta a ranar da aka tsince, da hoto in zai yiwu. Haka kayan da ruwa ya ci a damina, ko bashin da ya tabbata ba zai dawo ba. Ka kuma jera sunayen waɗanda kake bi da waɗanda ke bin ka.

Wani amfanin wannan ƙirga: mai littafi tsaf ba ya wahala ranar fitar da zakka, ko da yake shekararta ta watan Musulunci ce. Zakka daban, haraji daban, ba da ɗaya ba ya sauke ɗayan, amma sito ɗaya ake ƙirgawa.

In kana da ma'aikata masu albashi, akwai wani wa'adin da ke riga na Maris: 31 ga Janairu ake miƙa bayanin albashinsu na shekara, kuma abin da aka cire musu wata-wata ana zuba shi kafin 10 ga watan da ke biye. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 a wata, ba a cire masa komai.

Mataki na bakwai: miƙawa

Makon farko na Janairu ka nemi takardar bayanin asusunka ta shekara daga banki, ka zauna da littafi ka daidaita su layi-layi. Ka fitar da shafi ɗaya mai taƙaita komai: jimlar shiga, jimlar fita kashi-kashi, riba, ragi, haraji, abin da aka riga aka cire. In cinikinka ya kai miliyoyi masu yawa, ko akwai kayan aiki masu tsada, ka biya akanta ya duba. A Janairu yana da lokacinka. A ƙarshen Maris layi za ka tarar.

Ka kai fom ɗin bayanin harajin kafin azumi ya kama, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ko lissafi ya nuna ribarka ba ta kai 800,000 ba, ka miƙa. Tarar rashin miƙawa naira 100,000 ce a watan farko, da 50,000 a kowane wata bayansa, wato ta fi ƙarfin harajin mutane da yawa. Biya kuwa ta banki ko ta hanyar da hukuma ta tanada, da rasit mai sunanka da lambarka. Duk wanda ya ce ka ba shi a hannu zai "gyara maka", kuɗinka ya tafi, bashin yana nan.

Dattawanmu suna jin kalmar haraji sai su tuna zamanin da ake bin mutum gida-gida, a ƙirga kawuna da shanu, wanda gwamnonin jam'iyyar PRP na Kano da Kaduna suka soke a 1979. Wancan ba ya tambayar ko ka ci riba. Wannan yana tambaya, har ma ya ba ka damar musu. In hukuma ta aiko maka da takardar ƙiyasi da kake ganin ta yi yawa, kana da kwana 30 daga ranar da ta iso hannunka ka rubuta ƙorafi, ka faɗi adadin da ka yarda da shi da dalilinka, ka haɗa da kwafin takardunka. In kwanakin suka wuce ka yi shiru, adadin ya zauna. Ka rubuta ranar da ka karɓa a bayan ambulan.

Bayan an gama, ka nemi takardar shaidar biyan haraji tun ba ka buƙace ta ba. Shekara uku na baya take nunawa, shi ya sa wanda bai taɓa miƙawa ba yake shan wuya ranar da kwangila ko takardar fili ta taso. Littafin shekarar, da rasit, da takardun banki, ka ɗaure su wuri ɗaya ka rubuta shekarar a jiki. Doka ta ce a ajiye su aƙalla shekara shida. A sa su a akwatin ƙarfe ko bokiti mai murfi, a ɗora a kan wani abu, saboda gara da ruwan Agusta.